Ɗana Waziri da Jarrabawar da Na Guje Wa

Shekara bakwai ke nan cif da na rasa ɗana. Ya girme ni da shekara talatin da tara, furfura har cikin girarshi, ya taɓa riƙe kujerar wazirin ilimi na wilaya guda, wato ministan ilimi na jiha, amma duk da haka ɗana ne, kuma in kun yi haƙuri zan gaya muku yadda anka yi. Mutanen hillarmu, wato ƙauyenmu, da baki sunka san ni. In na tsaya ƙofar mota ina kiran fasinja, tsohuwa mai takaba ma sai ta toshe baki da mayafi. To yau ba dariya na zo ba ku ba. In ta kuɓuce mini a hanya ku yi mini uzuri, hali zanen dutse ne. Larabcina na tasha ne, bokona a waya na koye shi, don haka masu jan alƙalami su sassauta.

Sunanshi Duktur Sa'adu, yayan uwata ne, kawuna ke nan. Ni kuma sunan mahaifinsu anka sa mini, Malam Idrisu, wanda ya rasu wata biyu kafin a haife ni. Kun san al'adarmu, wanda ya ci sunan tsoho ba a kiran shi da sunan. Uwata ba ta faɗin sunan ubanta, ubana ba ya faɗin sunan surukinshi, kakata kuwa sunan mijinta ne, ko da wuƙa a wuya ba ta furta shi. Sai gida duka ya koma ce mini Baba. Kawu Sa'adu in ya zo hutu daga Hartum da jalabiyarshi mai guga, sai ya durƙusa gabana ina tsirara ina cin ƙasa, ya ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Da na yi wayo sai na riƙe girman da hannu biyu. In ce, "Kai yaro, sai yanzu ka ga damar zuwa?" Da haka na samu damar da wani ɗan ƙanwa bai taɓa samu ba a kan kawunshi.

Hillarmu tana bakin bahar, wato kogi, a yankin Jazira, tafiyar jaki kaɗan daga Hasahisa. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato sunka taso, ƙafa ta tsaya nan, sunka kama noman auduga da dawa. Lokacin da nake ƙarami, yaron hilla ba ya jin Larabci sai ya shiga makaranta. Gida Hausa, gona Hausa, zagi ma Hausa. Ranar da anka kai ni aji ɗaya ina da shekara shida. Wani ustaz baƙo da anka turo daga nesa yana zaune da babban littafi, ana kai mishi mu ɗaya ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ismak minu?" Wato mene ne sunanka. Ni abin da kunnena ya ji shi ne Aminu. Na ce mishi da Hausa, "A'a, Aminu na gida, zazzaɓi yake yi." Aminu ɗan maƙwabtanmu ne, kuma wallahi zazzaɓin yake yi. Ustaz ya maimaita da ƙarfi. Ni ma na maimaita da ƙarfi, don na ɗauka kurma ne. Sai tsohon mai gadin makaranta, ɗan hillarmu, ya leƙo ta taga ya ce, "Sunanka yake tambaya, ja'iri." Na ce Baba. Ya ce sunan ubanka fa? Na ce Baba. Ya ce to kakanka? Na yi tunani, na ce ai ni ne.

Mai gadi ya fassara yana riƙe ciki. Ustaz bai yi dariya ba. Ya yi rubutu a gefen littafi, ya faɗi kalma ɗaya: balid. Daƙiƙi ke nan, yaron da bai san ko sunanshi ba. Ba zan ɗora wa mutumin laifi duka ba, an jefo shi cikin aji cike da yara, ba ya jin su ba su jin shi. Amma kalmar ta manne mini kamar ƙarangiya. Anka kai ni bencin baya, kowane ustaz ya zo sai ya gaji kalmar tare da alli. Ni kuwa na gano abu ɗaya da wuri: in dai za a yi maka dariya, gara ka riga su. A aji biyar na rataye jaka a ƙusa na bi motoci, har na zama kumsari, mai tsayuwa ƙofar bas, a hanyar Hasahisa zuwa Managil.

Shi Kawu a lokacin koyarwa yake yi a jami'a. Abin da ya karanta ana ce mishi ilmin nafsi, wato sanin halin ɗan Adam da abin da ke kai-komo cikin ranshi da tunaninshi. Amma a hilla ba wanda ya ji nafsi, nafas sunka ji, numfashi. Magana ta zaga cewa Sa'adu na Malam ya zama likitan numfashi. In ya zo hutu sai ka ga mutane ƙofar gida tun da hantsi, masu tari, masu asma, tsofaffin da ƙurar auduga ta ci musu ƙirji. Da fari yana bayani, har ya gaji. Sai ya koma zama da su kan tabarma ya saurare su, mai bukatar asibiti ya rubuta mishi takarda zuwa ga likitan gaske. Abin mamaki, da yawansu sai su tashi suna cewa ƙirji ya sake. Na ce mishi, "Yaro, damfara ka koyo a Hartum?" Ya ce, "Baba, wani nauyin ƙirjin magana ce da ba ta samu kunne ba."

Wannan maganar ta dawo mini a Damazin, inda yaƙi ya jefo mu, inda yanzu nake tuƙa raksha mai ƙafa uku. Watanninmu na farko a wata makaranta munka zauna, iyali huɗu a aji ɗaya, an raba da zannuwa. Akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai a ajin da ke kusa da namu, in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai numfashinta ya ɗauke, ta riƙa jan iska kamar kifin da anka jefo kan yashi. An kai ta asibiti an ce ƙirjinta lafiya lau. Na tsaya ina kallon ta na ce a raina, ashe mutanen hilla ba su yi kuskure sosai ba, ciwon nafsi ta nafas yake fitowa. Lokacin da Kawu yake da rai mun mai da karatunshi abin tsokana. Yau da kowane gida ke bukatar irin shi, yana ƙarƙashin ƙasa.

Uwata ce ta ba shi labarin ranata ta farko a makaranta, tana ba shi tana dariya. Ta ce bai taya ta ba. Daga baya shi da kanshi ya gaya mini cewa wannan labarin ne ya juya mishi aiki. Ya bar abin da yake bincike a kai ya koma kan yadda ake auna basirar yara. Ma'aunin da ake amfani da shi daga waje anka kawo shi anka mai da shi Larabci, kuma kullum yaran hillolinmu da na ƙauyukan duwatsun kudu su ne a gindi. Sai ya ɗauki wani akwatin katako, cikin shi akwai ƙananan itatuwa masu launi da hotuna da tambayoyi, ya riƙa bin ƙauyuka tun daga wajen Managil har bayan Damazin. Tambayoyin nan dai su ne, amma da harshen da uwar yaro ke yi mishi faɗa. Inda ba Hausa ake ji ba ya nemi mai fassara. Ya shekara da shekaru yana wannan yawon, kuma abin da ya gano bai fi abin da tsofaffi sunka faɗa ba: rijiya ta bayar, guga ya hana.

To nan ne tawa matsalar ta fara, don mutum ɗaya ya rage mishi, shi ne ni. Tun shekarar da na bar makaranta ya fara. "Baba, zo ka zauna, rabin awa kawai." In ce, "Ina ka taɓa ganin uba ya zauna jarrabawa gaban ɗanshi? Tarbiyya ta ƙare a gidan nan." A yi dariya, in sulale. Wata shekarar in ce azumi nake yi, wata shekarar in ce direba na jira na. Kowa ya ɗauka iskanci ne irin nawa. Yau zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: tsoro ne. Muddin ban zauna gaban akwatin nan ba, ina da mafaka. In anka ce Baba bai yi karatu ba, in ce Larabci ne ya ka da ni. Amma in anka tambaye ni da Hausar uwata na kasa fa? Halas, magana ta ƙare, ustaz ya yi gaskiya ke nan, kuma ɗan nawa, wanda ya gina aikin rayuwarshi a kan cewa an zalunce ni, shi zai fara gani da idonshi. An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ni sai na ƙi wankan gaba ɗaya.

Ina da shekara goma sha shida anka naɗa shi wazirin ilimi na wata wilaya. Ba zan faɗi wacce ba, don waɗanda sunka sa mishi ƙafa suna nan da ransu, wasunsu ma suna hawa rakshata. Da labari ya iso hilla, kakata ta ce, "Waziri? Na wane sarki?" Ita wazirin da ta sani shi ne na labaran da uwarta ke ba ta na Sakkwato. Ranar da ya zo gaishe ta cikin kwat da farar mota, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wanga waziri ba ko rawani? Sun cuce ka, Sa'adu." Ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Tsohuwa ta riga mu gani, mu ne ba mu gane ba.

Abin da ya so yi ba wani babban abu ba ne in ka ji shi. A ƙauyukan da yara ke zuwa ba su jin Larabci, a samu mace ko namiji ɗan garin wanda ya yi karatu, ya zauna aji ɗaya tare da ustaz na wata uku na farko. Yaro ya yi magana a ji shi, a yi mishi magana ya ji. Shi Kawu tsani yake kiran su, ya ce ba gida ba ne, abin hawa ne, in an hau a jingine shi. Ya kuma hana a rubuta wa kowane yaro balid a littafin makaranta. Na roƙe shi ya ɗauke ni direba, ya ce in kawo takardar gama makaranta. Na yi fushi wata shida, na shiga sahun dangin da ke ce mishi inuwar giginya, na nesa ka sha. Allah ya yafe mini, har waƙa na yi mishi a tasha.

Mutanen ofis sunka ce ƙabilanci ya kawo, Bafallace, kamar yadda suke kiran irinmu, ya samu kujera yana so ya raba kan yara. Wannan ya san za a faɗa, bai dame shi ba. Wadda ta karya shi daga gida ta fito. Ranar wata ƙaramar Sallah dattawan hillarmu sunka same shi a zaure, ina wurin. Alhaji Mamman, abokin marigayi kakana, shi ya yi magana. Ya ce, "Sa'adu, tun kakanninmu muke ƙasar nan ana ce mana baƙi. Yaranmu in sun buɗe baki a gane su. Mun kai su makaranta a gyara musu harshe, kai kuma za ka bi su da Hausa har cikin aji?" Kawu ya ce ba hana su Larabci zai yi ba, hanya yake gyara musu zuwa gare shi. Alhaji ya ce, "Hanyar da za a riƙa nuna su da yatsa a kanta? Kai ka haye, ɗana. Bar namu su haye yadda ka haye, da kuka." Kawu ya sunkuyar da kai. Ya san ba ƙarya tsohon yake yi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi a kujerar. A rediyo ya ji an sauke shi, kamar yadda mu ma munka ji. Zango na gaba anka sallami masu tsani, kowa ya koma gidanshi.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce in ya ga yau. Dattawa sun samu abin da sunka roƙa, har ya wuce. Alhaji Mamman yana nan da rai a Damazin, ido ya tafi. Jikokinshi in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, in ya ja karin magana sai su dubi uwarsu ta fassara. Kwanan baya na ji shi yana ba ƙaramin labarin yadda kakanni sunka keto daji, yaron ya saurara na ɗan lokaci ya ce, "Ma fahimta, ya jiddu," wato ban gane ba, kaka. Tsohon ya koma murza carbinshi. Na san Kawu ba zai ce ai na gaya muku ba, ba halinshi ba ne. Zama zai yi tsakaninsu ya fassara. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai yi da yaran da sunka kai shekara tara ba su taɓa zama aji ba, ba don harshe ba, don makarantar ce ta zama ɗakin kwanan 'yan gudun hijira, bencinta ya shiga murhu.

Bayan an sauke shi ya koma gidanshi na Hasahisa, shi da matarshi Hajiya Rakiya, wadda nake kira surukata. Ciwon sukari ya fara cin shi. Wata safiya ina kiran "Managil, Managil" sai ga tsohon waziri da sandarshi ya hau bas ɗinmu, ya zauna kujerar bakin ƙofa. Na ce, "Jama'a ku matsa wa yarona, gwamnati ta karɓe motarta." Daga ranar ya mai da abin al'ada, sau biyu a mako, ya je Managil ya sha jabana, wato gahawa, wurin wata mai shayi ya dawo. Na ɗauka kaɗaici ne. Kuma duk tafiya sai ya dame ni da tambayoyi marasa kan gado.

"Baba, me ya haɗa kwalekwale da jaki?"

"Duka biyun in ka cika musu kaya sai su kwanta da kai."

"To ban da wannan?"

"Kai yaro, duka abin hawan talaka ne, sai na faɗa maka?"

Wata rana ya ce in lissafo mishi tashoshin hanya daga ƙarshe zuwa farko. Wata rana ya ce in rufe ido in faɗi wace mata ce mai wane buhu a saman mota. Wata rana ya ba ni labari ya yanke a tsakiya, sai mun dawo da la'asar ya ce in ƙarasa daga inda ya tsaya. Ni ina amsawa ne don fasinja su yi dariya, bas duka ya zama gidan wasa. In mun isa sai in hango shi kan benci wurin mai shayi, ya fito da ɗan daftari daga aljihun jalabiya yana rubutu. Na ce tarihin yadda anka kore ka kake rubutawa? Ya ce kusan haka ne. Kusan shekara biyu muna wannan, ni da nake ganin ba mai yi mini wayo a faɗin Jazira.

Ganina da shi na ƙarshe da rana ne, bayan azahar. An fito mishi da gado ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ƙafafunshi sun kumbura, akwatin katakon nan yana gefe. Ya ce, "Baba, saura abu ɗaya, itatuwan nan. Minti goma ma ya isa." Muryarshi ta taɓa ni, ni kuwa in abu ya taɓa ni wasa ne ke fitowa. Na ce, "Sai ka warke. Ba na cin jarrabawa hannun majinyaci, a ce fin ƙarfi na yi maka." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "To Baba, yadda ka ce." Na gyara mishi matashi na fita da sauri kamar ana kora ta. Kwana uku bayan nan ina rataye ƙofar bas a tsakiyar hanya waya ta shigo. Ko wankan gawa ban samu ba.

Bayan sadakar bakwai Hajiya Rakiya ta kira ni ɗaki. Ta miƙo mini daftarin, a bangonshi an rubuta Baba. Ta ce, "Surukina, ya ce in ba ka. Ya ce duk yawon motar nan jarrabawarka ce, ka riga ka zauna ta ba ka sani ba. Abin da ya gani yana shafin ƙarshe." Na riƙe shi. Daftari ne ɗan ƙarami, irin na yaran makaranta, amma nauyinshi kamar na ɗauki buhun dawa. Shafi ɗaya ne tsakanina da abin da nake gudu tun ina shekara shida. Na mai da mata na ce, "Ajiye mini, surukata, sai na samu natsuwa." Kowace Sallah in na je gaishe ta sai ta ce ajiyarka na nan fa. In ce ai ba ta ruɓewa. Sama da shekara huɗu ina cewa ba ta ruɓewa.

Sai yaƙi ya iso Jazira. Wanda ya gani ba ya bukatar in ba shi labari, wanda bai gani ba Allah ya sa kada ya gani. Da kayan jikinmu munka hau babbar mota, ni da uwata da Hajiya Rakiya, ba wanda ya tuna da takarda. Da hanya ta buɗe na koma Hasahisa ni kaɗai. Gidan na nan, ƙofa ce babu. Ɗakin littattafanshi, wanda da ba ka ganin bango, wayam, sai baƙin tabo a tsakar ɗaki da duwatsu uku na murhu. Ban sani ba ko masu bindiga ne, ko bayin Allah ne da sunka fake a gidan gawayi ya gagare su. In na biyun ne ban riƙe su ba, yunwa ba ta iya karatu ba. Na durƙusa ina tona tokar da hannu, ni ƙato da gemu, ina neman shafi ɗaya. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Me ya rage na Duktur Sa'adu? In da gini ake aunawa, babu. Ba makarantar da ke ɗauke da sunanshi, tsarin da ya kawo an binne shi tun yana da rai, binciken shekara da shekaru ya dafa wa wasu tuwon asida. Amma kwanakin baya wata mata ta hau rakshata da allo ƙarƙashin hammata, muna hira ta ce tana koyar da yaran 'yan gudun hijira ƙarƙashin bishiya. Ta ce da can ita tsani ce a wani ƙauye, zamanin wani waziri da bai daɗe ba. Ta ce har yau in yaro ya yi shiru ba ta cewa bai sani ba, sai ta nemi ta ji da wane harshe yake shirun. Ban gaya mata ko ni wane ne ba. Na tsaya gefen titi na ce mata ƙura ce ta shiga mini ido. Ina jin irin ta suna nan a warwatse, ba su san juna ba, ba mai biyan su da ko na gode.

Sai kuma ni. Watan jiya na je na ba da sunana cikin masu zana jarrabawar gama firamare daga gida. Shekarata kusan talatin, zan zauna tsakanin yaran da na isa in haifa. Larabci yanzu ba uzuri ba ne, na iya shi har na zagin direbobi. In na faɗi, na faɗi da hannuna, ba inda zan ɓuya. Da safe raksha, da la'asar littafi, kuma ban ɓoye muku ba, hisabi, wato lissafi, yana ba ni kashi.

Ranar da na gaya wa Hajiya Rakiya ta yi kuka har na rasa wasan da zan yi mata. Da ta share ido na yi mata tambayar da na shekara bakwai ban iya yi ba. Na ce, "Surukata, don Allah, ko sau ɗaya ba ki buɗe daftarin nan ba?" Ta ce ita ba ta buɗe abin da ba nata ba. Na ce bai taɓa gaya miki komai ba? Ta ce bai faɗa ba, ya ce amana ce tsakaninshi da mai ita. Can ta ce, "Abu ɗaya dai na sani. In ya dawo daga Managil ya zauna yana gyara rubutun, sai in ji shi yana dariya shi kaɗai, har in leƙo in ce Duktur lafiya?" Na ce wace irin dariya? Ta buɗe baki za ta gwada, ta kasa. Ta ce, "Baba, ni ban iya ta ba."

Dariya ita ce sana'ata, na san ta iri iri. Na san ta mugunta, na san ta tausayi, na san wadda ake yi wa wawa, na san wadda mutum ke yi in ya tono rijiya ya ga danshi. Guda ɗaya ce a duniya nake bukatar in ji, ita ce ban ji ba. Allah ya jiƙan Duktur Sa'adu, ya haskaka makwancinshi, ya yafe wa wanda ya ɓata mishi lokaci. Bayan babbar Sallah zan shiga ɗakin jarrabawa ba ni da komai sai labarin dariyar nan. Ku taya ni roƙon Allah ya sa irin wadda nake zato ce.